Ambulan ta Uku

Jumare ya sake goge tafin hannunsa a jikin riga, gumin ya ƙi tsayawa. Su tara ne a kan bencin ofishin wani kamfanin jiragen ruwa a Fatakwal, gurbin masinja kuwa ɗaya tak. Shi kaɗai ne mai furfura a cikinsu.

Shekara ashirin ya yi yana dillancin shanu a garin nan. Sai annoba ta faɗa wa garkunan Arewa, taragun jirgin ƙasa suka riƙa isowa rabi fanko, dillalai suka fi shanun yawa. Gida mai baki bakwai ya koma shan garin rogo safe da yamma. In aikin nan ya kuɓuce, sai dai ya kwashi iyali su koma Sakkwato hannu rabbana.

Shawarar ta fito ne daga Malam Manu, Bahaushe ɗaya tilo da ke aikin akawu a kamfanin. Ta bakin Arzika mahauci ta iso, don akawun bai taɓa zama hira da Jumare ba. Ya ce a zamanin nan ba a raina ƙaramin aiki, a nemi aikin masinja, a shiga ajin manya a koyi boko. Ya kuma roƙa kada a nuna an san shi, don kamfanin korar duk wanda ya cuso nasa yake yi.

Kwana uku Jumare yana bambami, wai da girmansa za a mai da shi ɗan aike. Rana ta huɗu ya sayi fensir. Wata takwas, kullum bayan la'asar, yana lanƙwashe a kan bencin da aka yi don yara, har ya kai babu gwangwanin madarar da zai shigo gidan bai karanta wa matarsa Hajo shi ba, ko ta so ko ta ƙi.

Can aka leƙo daga ofishin aka kira shi ciki. Malam Manu, da ke teburin ƙarshe, ya miƙe zumbur, sannan ya shiga laluben wani abu a saman kabad. Jumare ya kafe idonsa a ƙasa.

Babban akawu, Mista Wokoma, ya taɓa zama a Jos, yana jin Hausa. Ya jera ambulan uku a kan tebur.

"Baba, aikin ba wuya. Ka ɗauki wasiƙa, ka kira sunan mai ita da ƙarfi, ka kai masa. Oya, fara."

Jumare ya ɗauki ta farko. "Mista Fubara." Ya kai. Ta biyu sunan Baturen manaja ne, dogo mai karya harshe. Ya bi shi harafi harafi har ya fita. Wokoma ya gyaɗa kai, ya jawo takardar ɗaukar aiki kusa, ya tsoma alƙalami a tawada.

Jumare ya ɗauki ta uku. Ya duba. Suna ne gajere, kuma na akawun da ke teburin ƙarshe.

"Kira shi."

Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban bijimi mai faɗa. Ya tuna Hajo da tukunyarta, ya tuna tashar jirgin ƙasa. Ya taka a hankali ya ajiye ambulan ɗin a gaban Malam Manu, fuskarsa na kallon bango.

"Na ce da ƙarfi! Kowa ya san Bahaushe ɗaya ne a nan, wannan ba karatu ba ne. Ko haddace maka sauran aka yi?"

Malam Manu ya yunƙura zai yi magana. Jumare ya ɗan ɗaga hannu, akawun ya koma ya zauna. Wokoma ya jira har tawadar ta bushe a bakin alƙalami, sannan ya leƙa waje ya kira na gaba.

Jumare ya sauka daga matakalar ofishin. Ya karanta sunan sarai, babu harafin da ya shige masa duhu. Shi da kansa ya raɗa wa liman shi a kunne shekara ashirin da huɗu da suka wuce, kuma tun daga ranar bai sake fita daga bakinsa ba, don a gidansu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari.