Huɗubar Minti Biyar

Tun da aka kafa dokar ciyarwa, na'ura ce ke shayar da jarirai a asibitin garin. Uwa sai dai ta leƙa ɗanta ta gilashi. Kwana uku ke nan da Sahura ta haihu, ƙirjinta ya cika ya yi tauri, gobe kuma za a yi mata allurar kafar da nono.

Mahaifinta, Malam Gwadabe, ya iso yana dogara sanda.

"Huɗuba zan yi wa jikana," ya ce wa nas.

"Minti biyar, Baba. Za a kashe kyamara."

Iyakar abin da dokar ta bar wa addini ke nan. Aka kawo jaririn bayan labule, uwar na biye. Tsohon ya karɓe shi ya miƙa mata, ya juya musu baya, ya baza babbar rigarsa.

"Ke, ba shi."

Ya fara kiran salla, yana jan kowace kalma. Yaron bai san nono ba. Sai kau da kai yake yi, bakinsa na laluben roba. Sahura ta fara kuka.

"Kar ki yi mini kuka. Matsa masa a leɓe."

Ƙararrawa ta buga. Daidai nan tsohon ya ji tsotso a bayansa, ƙasa-ƙasa.

"Baba, lokaci ya cika," in ji nas daga waje.

Malam Gwadabe bai gusa ba.

"Na dama na yi," ya ce. "Jikana kunne biyu gare shi."