Kujerar Bakin Ƙofa

Tunda aka yi wa Malam Maiwada allurar nan, 'yarsa Fiddausi ta ja kujerarta can bakin ƙofa.

Ciwon dajin mafitsararsa ne ya dawo, ya ɓuya a kaluluwa. An ce allurar za ta bi jini ta manne wa ciwon, gobe likita ya bi da na'ura, duk inda ta yi ƙara ya yanke. Wannan ya gane. Abin da bai gane ba shi ne Turancin da likitan ya yi wa 'yarsa, ta sunkuyar da kai.

Yarinyar da ta rako shi tun daga Toranke har Masar, tana ba shi abinci a baki, yau ko ruwa sai ta turo nas.

"Uwata, me ya ce miki?"

"Ba komai, Baba."

Lallai kwanansa ya ƙare, ɓoye masa ake yi. Ya kira matarsa Hansai a waya, ya fara wasiyya.

"Malam, dakata! Wa ya ce mutuwa za ka yi? Fiddausi ta gaya mini, cewa aka yi mai juna biyu kada ta raɓe ka sai ƙarfin allurar ya fita."

"To ita ina ruwanta da..."

Shekara tara da aurenta, ko ɓari ba ta taɓa yi ba.

"Da wane baki za ta faɗa maka?" in ji Hansai.

Ya dubi bakin ƙofa. Fiddausi ta ja mayafi ta rufe fuska.