Na Taɓa Akwatin Wayfai

Baban Mimi ya ce kar in kuskura in taɓa akwatin wayfai sai ya dawo daga tafiya. To, na taɓa. Yarinya ta fara takawa, kiran bidiyo sai yankewa yake, uba bai gani ba.

Na shiga saitin ta wayata, na kai shi tashar da ba cunkoso, har na raɗa masa sunan Mimi. Hoto ya fito tas. Ya ga takun 'yarsa, har da ƙwalla.

Sai ga maƙwabciya. "Maman Mimi, wa ya canza wa wayfai ɗina suna?"

Na leƙa bayan kujera: namu akwatin a zare yake daga wuta. Ashe nata nake kamawa.

"Ni ce, Anti. Kuma sai Baban Mimi ya gama kallo zan mayar."