Alhamis, Tara da Arba'in

Takardar ta faɗo daga jakar Najaha ne lokacin da Munkaila yake neman makullin babur. Rubutun matarsa ne, da Faransanci, harshen da ya rabu da shi tun aji uku. Amma suna da lamba ba sa buƙatar tafinta. Khalifa. Zinder, Agadez, wato Damagaram da Agadas. Kilomita 370. Alhamis, tara da arba'in. An ja wa sunan layi da jan biro, ga alamar tambaya a ƙarshe.

Ya mayar da ita inda take. Ya manta da makullin.

Wata biyar ya yi a Kano yana sayar da shayi, satinsa biyu ke nan da dawowa Matameye. Tun ranar aurensu abokai suke tsokanarsa cewa ya ɗauko 'yar boko mai albashi, ya kula. Da can dariya yake yi.

Bai san wani Khalifa ba, don haka ya ƙera shi da kansa: dogo, mai tabarau, wanda yake hawa jirgin sama ya ƙetare cikin ɗan lokaci hanyar da mota ke wuni a kanta.

Da suna cin tuwo ya jefa tambayar kamar hira.

"Wai daga Damagaram zuwa Agadas, awa nawa ne a jirgi?"

"Awa ɗaya da minti biyar," in ji Najaha, ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai ta yi murmushi. "Baban Hawa, tafiya za ka yi?"

Matar da ko ƙofar jirgi ba ta taɓa gani ba, ta san har da minti biyar ɗin. Ya janye hannu daga kwanon.

Ranar Alhamis ya yi sammako zuwa Damagaram, ya tsaya a bakin filin jirgi yana ƙare wa duk mai tabarau kallo. Tara da arba'in ta yi, ta wuce. Mai gadi ya ce masa shi bai san da wani jirgin Agadas a wannan lokaci ba.

A hanyar dawowa Munkaila ya gama haɗa lissafinsa. Tambayarsa ce ta tona shi, ita kuma ta gargaɗi mutumin ya canja rana.

Bai shiga gida ba. Ya sa Malam Shekara ya rubuta masa takardar saki, duk da malamin ya roƙe shi ya bari ya huce. Da kansa ya miƙa ta ga mahaifin Najaha. Tsohon ya karanta, ya ce, "Me ta yi maka?" Munkaila ya ce ita za ta faɗa.

Saura ta ji daga bakinsa. Ya nufi wurin aikinta, ya ratsa tsakar lakwal, wato makarantar boko, ya tsaya a tagar ajin ƙarshe.

Ga sunan nan a jikin allo, da kilomitocin, da ranar, da alamar tambayar. Najaha ta kakkaɓe alli daga hannunta, ta juya ga yara hamsin, ta maimaita da Hausa don na baya su gane:

"To, in Khalifa ya tashi daga Damagaram da tara da arba'in, jirginsa ya yi awa ɗaya da minti biyar a sama, wa zai gaya mini ƙarfe nawa zai sauka Agadas?"