Farin Yadi Talatin

Tun da aka kafa dokar da ta hana duk mai rai tashi sama da tsayin rimi, sararin Zariya ya zama na jirage marasa matuƙi kaɗai, na kai saƙo da na sintiri. Ko tantabara sai an fige mata fiffike. Abin da ya ƙetare, harbo shi ake yi.

Shekara tara Malam Tanimu kafinta yana haɗa nasa jirgin a bayan gida, da zanen da marigayi yayansa Inuwa ya bari a takardar siminti: haƙarƙari na katako marar nauyi, injin babur, kujera ɗaya. Inuwa ya taɓa tashi da irinsa kafin doka, kuma har ya mutu bai daina ba da labarin ba. Yanzu saura yadin ɗame fukafukai.

Ya shiga kasuwa, rumfar Ɗahiru mai yadi.

"Farin alawayyo, yadi talatin. Wanda iska ba ta ratsawa."

Ɗahiru ya dafe ƙirji. "Innalillahi! Likkafani har talatin, Baba? Mutum nawa aka rasa?"

Malam Tanimu ya buɗe baki, sai inuwar jirgin sintiri ta tsaya cak a bakin rumfar. Ya haɗiye maganar.

"Mutum ɗaya ne. Dogo ne."

Inuwar ta wuce. Ɗahiru ya yanka, ya naɗe, ya miƙa da hannu biyu.

"Allah ya jiƙansa. Yaushe ya rasu?"

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Sai jibi, ɗana, idan iska ta yi kyau."