Ƙofar da Ta Ba Suwaiba Gado

Tun da aka kafa ƙofa mai shinshinar jini a asibitin koyarwa, ɗalibin da rigakafi bai kama shi ba sai dai ya tsaya waje. Suwaiba ta sha allurar rigakafin ciwon hanta har ta gaji, jininta ya ƙi karɓa. Amma ranar jarrabawar ƙarshe, tana isowa ƙofar ta buɗe. Da murna ta tambayi nas ɗin da ke bakin aiki:

"Sista Larai, ashe allurar ta kama?"

"Ina fa. Ga gadonki can."

"Gado? Jarrabawa fa na zo yi!"

"'Yar nan, ƙofa ta ce majinyaciya ce ke."

Tana zaune bakin gadon da farar rigarta, sai ga Sagir ɗan ajinsu, malamin jarrabawa na biye da shi. Ita ce majinyaciyar da aka ba Sagir ya duba a jarrabawarsa. Ya kasa haɗa ido da ita, ya ce:

"Sannu, baiwar Allah. Me ke damunki?"