Mai Shiga Ranar Lahadi

Ƙarfe goma na safiyar Lahadi Yuleidy ta durƙusa a bayan kabad ɗin falo, tana bin wayar kebul da hannu har inda ta shiga sabon akwatin intanet. Kwana goma sha ɗaya ke nan da ma'aikatan kamfani suka cire tsohon akwatin, suka dasa wannan, suka yi gaba. Tun ranar sabar gidan ta yi shiru.

Sabar ba wata abin kallo ba ce. Tsohuwar kwamfuta ce da ƙaninta Eudomar ya cika da hotunan iyali, ya saita ta yadda zai iya shiga daga ko'ina a duniya. Shekara uku ke nan da ya bar garinsu Barquisimeto da jaka ɗaya, ya nufi arewa ta dajin Darién. Daga bakin dajin ya turo saƙonsa na ƙarshe. Abokan tafiyarsa sun fito ta ɗaya gefen, amma ba wanda ya iya faɗin inda ya rabu da shi.

Sai dai duk Lahadi, bayan an dawo daga coci, allon sabar yakan nuna layi ɗaya: Eudomar ya shiga. Ba ya rubuta komai. Yakan buɗe hotuna na ɗan lokaci, ya fita.

Wannan layin ne ya tashi mahaifinsu Asdrúbal daga gado bayan shanyewar ɓarin jiki. Shi ne yake sa shi aske gemu da shan magani. Sau biyu kawai aka yi fashi, lokacin da aka yi wa matarsa Coromoto aikin ido, sai ya ce ai yaron ya san hankalinsu ba ya gida. Yanzu da Lahadi guda ta wuce allon ba komai, tsohon ya daina cin abinci. Shi ya sa Yuleidy ta baro aikinta a Valencia, ta hau bas.

"'Yata, ki yi sauri," in ji shi daga kan kujera. "Sha biyu yake zuwa. Kada ya sake tarar da ƙofa a rufe, ya ɗauka mun mutu."

"Tsoho, ka bar yarinya ta yi numfashi," Coromoto ta ce daga kicin, tana juya wainar masara ta arepa a tanda. "Kai da ko fitila ba ka iya kunnawa."

Matsalar farko ba ta yi wuya ba. Sabon akwatin yana raba wa na'urorin gida wasu lambobi daban, sabar kuwa tana riƙe da tsohuwar lambarta, ba mai ganin ta. Yuleidy ta zauna gaban allo za ta sauya, sai aka tambaye ta kalmar sirri. Ta gwada ranar haihuwarsa, ta gwada sunan budurwarsa. Duk a banza.

"Sunan karensa, sai lambar gidan nan," in ji uwar, ba tare da ta waiwayo ba.

Sai sabar ta buɗe. Yuleidy ta ba sabar sabuwar lamba tsayayya, ta nuna mata akwatin a matsayin hanyar fita, sannan ta buɗe ƙofar da baƙo daga waje zai bi. Daga cikin gida komai ya tashi. Ta kashe intanet ɗin gida a wayarta, ta gwada shiga ta layin waje. Shiru. Ta sake duba kowace lamba, ta kashe akwatin ta kunna. Shiru. Agogo ya nuna sha ɗaya da rabi, zufa ta jiƙa mata riga.

Ta fita baranda ta kira kamfani. Bayan dogon jira wata mata ta ɗauka, ta saurare ta, ta duba.

"Ba daga wajenki ba ne, 'yar'uwa. Duk unguwarku adireshi ɗaya kuke rabawa, gida fiye da ɗari. Ba mai iya shigo muku daga waje."

"To ku mayar mu yadda muke kafin ku canza akwati."

"Ba akwatin ba ne. Shekara biyu da wata tara ke nan da aka haɗe layinku. Tun lokacin ko ɗaya bai taɓa shiga daga waje ba."

Yuleidy ta ce mata ƙarya ne, ta kashe waya. Ta daɗe tsaye tana kallon titi. Ita ma fa wannan layin na Lahadi ne ya hana ta sa baƙin kayan makoki. Shi ya sa take tura hotonsa ga duk ƙungiyoyin masu neman ɓatattu, daga Panama har Meziko.

Ta koma ciki tana neman kalmar da za ta fara da ita. Uwar ta ɗauki kwandon wanki ta fita bayan gida. Uban ya jawo kujerarsa dab da allo, gashinsa a taje, farar rigarsa a goge.

"Baba," ta ce.

Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya tsayar da ita. Sha biyu da minti goma, layin ya fito: Eudomar ya shiga.

Tsohon ya rufe fuska da tafinsa, kafaɗunsa suna rawa. "Allah ya yi maka albarka, ɗana," yake ta maimaitawa. Can ya ɗago ya ce a kawo masa abinci.

Yuleidy ta juya allon kaɗan zuwa gefenta. Ta buɗe rajistar da sabar ke ajiye bayanin duk wanda ya shigo, wadda ba wanda ya taɓa dubawa. Ta bi ta Lahadi bayan Lahadi, har baya can. Shiga ta ƙarshe daga waje ta zo ne kwana ɗaya kafin ya shiga daji. Sauran duka, har da ta yau, daga na'ura ɗaya suka fito, a cikin gidan nan, mai ɗauke da sunan da Eudomar ya raɗa mata ranar da ya sayo ta: Wayar Mama.